Raga, Cibiya da Tafiyar Layuka: Yadda Ake Gina Mutum a Cikin Kwamfuta

Sau da yawa, mutum ko dabbar da ake gani tana motsi a fim ɗin katun na zamani, ko a wasannin kwamfuta da na waya, fata ce marar ciki wadda aka harhaɗa da ƙananan gidaje dubbai. Wannan fata ita ce raga. Abu uku ne suka yi ta. Na farko ɗigo, wanda kwamfuta ke riƙe da matsayinsa ta lambobi uku, na tsawo da faɗi da zurfi. Na biyu layi, wanda ke haɗa ɗigo biyu. Na uku gida, wato filin da layuka uku ko fiye suka kewaye. Idan aka shafa wa gidajen launi, aka haska su da fitilar da ke cikin manhaja, sai ido ya ga kunci da kafaɗa da yatsa.

Siffa ɗaya tana iya samuwa daga raga iri-iri. Kawuna biyu suna iya yin kama ƙwarai muddin suna tsaye cik, amma da zarar an sa su murmushi sai ɗaya ya yi kyau, ɗayan ya yamutse a gefen baki. Bambancin yana cikin abu biyu: hanyar da layukan suka bi a kan jiki, da wuraren da aka ajiye ɗigogin da ake kira cibiya.

Asalin raga

A shekarar 1972, a Jami'ar Utah da ke Amurka, wani ɗalibi mai suna Edwin Catmull ya zuba siffar hannunsa na hagu da farar ƙasa, ya zana gidaje kimanin 350 a kanta, ya auna kusurwoyinsu ya shigar cikin kwamfuta. Shi da abokin karatunsa Fred Parke, wanda ya yi irin wannan aiki a kan fuskar mutum, suka fitar da ɗan gajeren fim da ke nuna hannun yana buɗewa yana rufewa. Matsalar da ta bayyana tun a lokacin ita ce gidajen a miƙe suke, jikin mutum kuwa a lanƙwashe yake.

Maganin ya zo a 1978, lokacin da Catmull da Jim Clark suka wallafa wata dabara ta lallausa raga. Kwamfuta tana sa sabon ɗigo a tsakiyar kowane gida da kuma a kan kowane layi, ta haɗa su, sannan ta ja tsofaffin ɗigogin kusa da matsakaicin maƙwabtansu. Gida mai gefe huɗu sai ya zama gida huɗu. Akwati mai gida 6 yana komawa 24 a zagaye na farko, 96 a na biyu, 384 a na uku, yana ƙara mulmulewa kowane zagaye. Kamfanin Pixar ya nuna ƙarfin dabarar a gajeren fim ɗinsa Geri's Game na 1997, inda aka gina kan wani tsoho da hannuwansa da ita, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar. Daga nan ta zama hanyar da akasarin masu fim ke bi.

A Nijar, sa hoto ya yi motsi ya girmi wannan fasaha. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya fitar da Bon Voyage Sim a 1966 da zanen hannu, daga baya kuma ya yi Kokoa, inda ƴan tsana masu siffar kwaɗi da wasu dabbobi ke kokawa. Shi da hannu yake lanƙwasa ƴan tsanarsa, yana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Matashin da ke son yin irin wannan fim a yau a Tasawa ko Mayahi yana iya sauke manhajar Blender, wadda ta zama kyauta ga kowa tun 2002, kuma tana aiki ba tare da intanet ba bayan an sauke ta. Sai dai ɗan kokawarsa zai zama raga, kuma ingancin ragar ne zai nuna ko zai iya sunkuyawa ya kama ƙafar abokin karawarsa.

Fifikon gida mai gefe huɗu

Gidaje iri uku ne: mai gefe uku, wato alwatika, da mai gefe huɗu, da mai gefe biyar ko fiye. Na'urar da ke zana hoto a kan allo alwatika kaɗai take lissafawa, saboda ɗigo uku a kullum suna kwance a kan shimfiɗa ɗaya. Don haka kowane gida mai gefe huɗu ana raba shi biyu kafin ya bayyana. Duk da haka, masu gina mutum sun fi son yin aikinsu da mai gefe huɗu, kuma dalilan a fili suke.

Gida mai gefe huɗu yana da gefen da ke fuskantar kowane gefe. Idan aka shiga ta ɗaya, an san ta inda za a fita. Wannan ne ke ba da damar jera gidaje su zama ɗamara da ta kewaye hannu ko wuya, kuma manhaja ta iya tsaga ɗamarar gaba ɗaya da umarni guda idan ana son ƙarin layi. Alwatika ba ta da gefen da ke fuskantar wani, saboda haka tsagar tana tsayawa a kanta. Gida mai gefe biyar ko shida kuwa, idan jiki ya motsa, kwamfuta na iya raba shi ta wata hanya dabam da wadda ta bi a hoton baya, sai inuwa ta riƙa rawa a wurin.

A ragar da ta daidaita, layi huɗu ne ke haɗuwa a kowane ɗigo. Wanda ya bi layi ya iso ɗigo, akwai na dama, akwai na hagu, akwai na gaba. Idan ya ci gaba da bin na gaba har ya dawo inda ya tashi, ya zagaya zobe ke nan. Wani mai gina siffofi, Bay Raitt, shi ya yaɗa tunanin zobe a ƙarshen shekarun 1990, kuma shi ya jagoranci gina fuskar Gollum a fim na biyu na The Lord of the Rings da ya fito a 2002. Tsarin da zobban suka bi a kan jiki baki ɗaya shi ake nufi da tafiyar layuka.

Cibiya da ire-irenta

Cibiya ita ce ɗigon da ke tsakiyar raga wanda adadin layukan da suka haɗu a kansa ya kasa huɗu ko ya wuce huɗu. Biyu ne aka fi cin karo da su. Cibiya mai uku tana zama a inda fata ta dunƙule ta yi tudu, kamar kan hanci ko kan yatsa. Cibiya mai biyar tana zama a inda wani sashe ya tsiro daga wani, kamar gindin yatsa ko inda hannu ya rabu da ƙirji. Akwai mai shida da abin da ya fi, waɗanda ake gudu a jikin da zai motsa. Ƙwallon da Blender ke bayarwa da farko yana da cibiya a sama da ƙasa, kowace da layi 32.

A kan cibiya babu layin gaba. Wanda ya iso cibiya mai biyar zai ga layi huɗu a gabansa, babu wanda ya fi wani cancantar a bi. Shi ya sa zobe ke yankewa a nan. Amma wannan hali nata shi ne amfaninta, domin a gefen cibiya ne jerin gidaje ke juyawa. Jeri biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa suna rabuwa a cibiya mai biyar, ɗaya ya nufi ido, ɗaya ya nufi baki. A cibiya mai uku kuma jerin yana karya kwana. Wanda ya san wannan yana amfani da cibiya ya tura layuka inda yake so.

Lissafin da ya hana a rabu da ita

Masu koyo da yawa suna ɓata kwanaki suna neman ragar da ba ta da cibiya ko ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa, kuma hujjar ta girmi kwamfuta da shekaru ɗari biyu. A 1750 masanin lissafi Leonhard Euler ya lura cewa a duk siffar da ta rufe ruf, wadda babu ramin da ya huda ta ya fita, idan aka ɗauki adadin ɗigogi, aka cire adadin layuka, aka ƙara adadin gidaje, amsar 2 ce. Akwati yana da ɗigo 8, layi 12, gida 6. Takwas a cire sha biyu a ƙara shida, saura biyu.

Idan dukan gidajen masu gefe huɗu ne, wannan doka tana haifar da wata. A ba kowane ɗigo maki: a cire adadin layukansa daga huɗu. Ɗigo na yau da kullum yana da sifiri, cibiya mai uku tana da maki ɗaya, mai biyar tana da bashin ɗaya, mai shida bashin biyu. Jimillar makin ragar baki ɗaya dole ta zama 8. Akwati ya cika wannan da kusurwoyinsa takwas, kowace mai layi uku. Ko an lallausa shi sau goma ya zama ƙwallo, cibiyoyin nan takwas suna nan. Siffa mai rami a tsakiya irin ta tayar mota ce kaɗai jimillarta ke zama sifiri, ita ce za a iya rufewa ba tare da cibiya ba.

Masu saƙar kaba a kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, sun san wannan da hannunsu. A tabarma, duk inda zare biyu suka gitta juna hanya huɗu ce ke fita, shi ya sa take kwanciya lafiya a ƙasa, kuma ana iya naɗe ta. Amma idan aka ce a lulluɓe ƙwarya da ita ba tare da ta tattare ba, sai an rage zare a wani wuri ko an ƙara a wani. Wurin ragin da wurin ƙarin su ne cibiyoyi.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne, duk cibiya mai biyar da aka ƙara sai an biya ta da mai uku a wani wuri. Idan aka zaɓi wasu gidaje a tsakiyar raga aka jawo su waje don su zama hannu, kusurwoyi huɗu na gindin suna zama cibiya mai biyar, huɗu na saman kuma mai uku. Gangar jikin da aka fara da akwati, aka jawo mata kai da hannu biyu da ƙafa biyu ta wannan hanya, za ta samu mai biyar guda 20 da mai uku guda 28. Bambancin takwas ne. Aikin magini ke nan ya zaɓa wa kowace mazauni.

Illar cibiya a wurin da bai dace ba

A inda layi huɗu suka haɗu, dabarar Catmull da Clark tana ba da fata mai santsi wadda lanƙwasarta ke canjawa a hankali. A kan cibiya fatar ba ta tsagewa, ba ta kuma yin kaifi, amma lanƙwasar ba ta tafiya daidai. Kusa da mai uku gidaje suna tsukewa, kusa da mai biyar suna buɗewa. Idan layukan sun kai takwas ko goma, wurin yana yin ƙananan tudu da kwari masu kama da tauraro. Ƙara zagayen lallausawa yana rage girman tabon amma ba ya share shi.

Girman illar ya danganta da abu uku. Na farko lanƙwasar wurin: a shimfiɗaɗɗen wuri cibiya ba ta nuna kanta ko kaɗan. Na biyu ƙyallin fata: jikin ɗan kokawa da ke sheƙi da gumi zai tona tabon da busasshiyar riga za ta ɓoye, domin haske yana karyewa a kan cibiya. Na uku motsi: idan fatar wurin tana miƙewa tana tattarewa, layuka biyar ɗin suna jan ɗigon ta fuskoki dabam-dabam, sai ya yi ƙulli. Daga nan ne ƙa'idar ta fito, cewa a kai cibiya inda ya fi kwanciya, inda motsi ya yi ƙaranci, ko inda ido ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin gashi, bayan kunne, ko ƙarƙashin tufafi.

Tafiyar layuka a fuska

Fuska ce ta fi kowane sashe wahala, domin ido ya saba da ita kuma yana gane ƙaramin kuskure. Tsarin da aka fi bi ya samo asali daga tsokokin da ke ƙarƙashin fata. Akwai tsoka da ta kewaye kowane ido, ita ke rufe shi. Akwai wadda ta kewaye baki, ita ke tsuke leɓe. Akwai kuma wasu da suka taso daga ƙashin kunci suka sauka gefen baki, su ke jan sa sama a lokacin dariya.

Saboda haka ana fara wa ido da zobba uku ko huɗu, ɗaya cikin ɗaya, ba tare da cibiya a cikinsu ba. Adadin ɗigogin fatar ido ta sama ya yi daidai da na ta ƙasa, don su haɗu ɗigo da ɗigo idan an ƙifta. Haka ake yi wa baki, a tabbata leɓen sama da na ƙasa sun yi daidai, kuma a bar isassun layuka a gefen baki, inda fata ke buɗewa ƙwarai idan an yi hamma ko kirari. Sai wani zobe babba da ke tasowa daga karan hanci, ya bi ta gefen hanci, ya sauka ta layin nan da ke fitowa idan mutum ya yi murmushi, ya zagaya ƙarƙashin leɓe. Wani kuma ya kewaye idanu biyu tare. Na ƙarshe ya bi gefen fuska daga goshi zuwa haɓa.

Inda waɗannan zobba suka rabu da juna dole cibiya mai biyar ta fito. Wadda aka fi sani ita ce ta kunci, inda zoben ido da na baki ke rabuwa. Ana tura ta sama kan ƙashin kunci, wurin da fata ke kan ƙashi kuma ba ta cika tattarewa ba. Idan ta sauko kan layin murmushi, ko ta matso gefen baki, kowace dariya za ta nuna ƙulli. Cibiyoyi masu uku kuma suna taruwa a kan hanci da fukafukansa, inda siffar da kanta ta dunƙule. Kunne yana cin gidaje masu yawa, amma da yake ba ya motsi, ana rage layukansa a bayansa kafin su bazu cikin kai.

Ba kowane zane ne ake bi da layi ba. Tsagar gado irin ta Gobirawa ko ta Katsinawa, da ƙananan tamoji, da ramukan gashi, duk a hoton da ake shimfiɗawa kan fata ake zana su, wanda ke gaya wa haske inda zai nuna zurfi. Wanda ya yanka raga don ya fitar da tsaga zai tara cibiyoyi a tsakiyar kunci, ya lalata zobban da motsi ke bukata.

Jiki da gaɓoɓi

Bayan an gama raga ana sa mata ƙwarangwal a ciki. Kowane ɗigo ana ɗaura shi ga ƙashi ɗaya ko fiye, a raba masa kason da zai bi kowanne. Ɗigon da ke tsakiyar dantse yana bin ƙashi ɗaya kacokan, na kan gwiwar hannu kuwa yana raba biyayya tsakanin ƙashin sama da na ƙasa. Wannan rabo yana sauƙi idan zobba sun kewaye hannu a jere, domin dukan ɗigogin zobe ɗaya suna samun kaso kusan iri ɗaya.

Gwiwa da gwiwar hannu da gaɓar yatsa suna bukatar aƙalla zobe uku: ɗaya a kan gaɓar, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Da zobe ɗaya kawai, hannu yana shaƙewa ya sirance idan an lanƙwasa shi. A bayan gaɓa, inda fata ke miƙewa, ana barin layuka da ɗan yawa don gwiwa ta riƙe tudunta. A cikinta, inda fata ke naɗewa, ana buɗe tazara don kada gidaje su shige cikin juna.

Kafaɗa ta fi kowace gaɓa rikici, saboda tana juyawa ta kowace fuska. Kokawa, wadda Nijar ke shirya gasarta ta ƙasa ana cin takobi tun 1975, tana nuna iyakar abin da kafaɗa ke yi: hannu ya miƙe gaba, ya ɗaga sama, ya zagaya bayan abokin karawa. Don raga ta jure wannan, ana sa layuka su taso daga ƙirji su haye kan kafaɗa su sauka allon baya, yadda tsokar ƙirji da ta kafaɗa suke kwance. Cibiyoyi masu biyar na gindin hannu ana janye su daga cikin hammata, a kai su kan ƙirji da kan allon kafaɗa. A ƙugu kuma ana bin layin da ya gangaro daga saman ƙashin ƙugu zuwa matsematsi, domin nan ne cinya ke naɗewa idan mutum ya durƙusa. Yawanci ana gina jikin hannuwa a buɗe, ko a miƙe ko a ɗan sauke, don kafaɗa ta kasance tsakanin iyakokin motsinta. Layu da guraye da warki kuwa kowanne ragarsa dabam, ana ɗora su ne a kan jiki.

Matsar da cibiya da rage layuka

Cibiya ba ta gogewa ita kaɗai, amma tana matsawa. Hanya mafi sauƙi ita ce juya layi. Gida biyu da ke maƙwabtaka suna da layi ɗaya a tsakaninsu. Idan aka cire shi aka haɗa wasu kusurwoyi biyu na filin, ɗigo biyu sun rasa layi ɗaya ɗaya, wasu biyu sun samu. Ta haka mai biyar ke komawa huɗu, maƙwabcinta ya zama biyar, cibiya ta yi taki ɗaya ke nan. Hanya ta biyu ita ce rufe gida ta haɗe kusurwoyinsa biyu da ke fuskantar juna. Idan mai uku da mai biyar suka matso kusa, sau da yawa ana iya haɗa su su kashe juna. Mai shida kuma ana raba ta ta zama mai biyar guda biyu ta hanyar ratsa sabon jerin gidaje a tsakaninta. A duk waɗannan, jimillar maki ba ta canjawa.

Rage layuka ma da cibiya ake yin sa. Tafin hannu yana bukatar layuka da yawa saboda yatsu biyar, dantse kuwa kaɗan sun ishe shi. Akwai tsarin da ke mayar da jeri uku ya zama ɗaya, wanda ke haifar da mai uku guda biyu da mai biyar guda biyu. Akwai na huɗu zuwa biyu, da na biyar zuwa uku. A kowanne, biyu ake ragewa. Dalili shi ne ba a iya cike fili da gidaje masu gefe huɗu zalla sai adadin layukan bakinsa ya rabu biyu daidai. Wanda ya ƙirga bakin rami ya samu bakwai ko tara, ya san sai ya ƙara layi ko ya yarda da alwatika ɗaya. Shi ya sa ƙwararru ke zaɓar 8 ko 12 ko 16 a kewayen hannu da wuya tun farko, don sassan su haɗu ba gyara. Tun ran gini, ran zane. Wuraren da aka fi yin ragin su ne bayan hannu kusa da wuyan hannu, ƙeya, da tafin ƙafa.

Wani kuskure da ake yawan samu shi ne zoben da bai rufe ba. Idan cibiyoyi biyu da ya kamata su daidaita suka goce da taki ɗaya, jerin gidaje yana murɗewa ya riƙa zagaya hannu yana hawa. Duk layin da aka ƙara a nan zai zagaye jiki sau da yawa kafin ya tsaya.

Sassaƙa da sake saƙa

A yau masu gina siffofi da yawa ba sa fara aiki da raga mai tsari. Suna sassaƙa siffar tukuna a manhajar ZBrush ko Blender, da gidaje miliyoyi, ba ruwansu da inda layi ya bi. Bayan siffa ta yi yadda ake so, sai a shimfiɗa sabuwar raga mai sauƙi a kanta, ɗigo bayan ɗigo, manhaja tana manna kowanne a jikin sassaƙar. Tsarin da ya fi amfani shi ne a fara da zobban ido da baki da gaɓoɓi, a sa alama a inda cibiyoyi za su zauna, sannan a cike tsakani. Ƙananan bayanai na sassaƙar ana kwashe su zuwa hoton da za a shimfiɗa kan sabuwar ragar.

Akwai manhajojin da ke yin wannan saƙa da kansu, irin su ZRemesher da ke cikin ZBrush, da QuadriFlow da aka sa cikin Blender a 2019. Suna duba lanƙwasar siffa su jera gidaje a kanta cikin ɗan lokaci. Suna wadatarwa ga dutse ko kututturen itace ko gunkin da ba zai motsa ba. Amma siffar tsaye kaɗai suke gani, ba su san inda fata za ta naɗe ba, don haka sukan ajiye cibiya a gefen baki ko su bar zobe a murɗe. Fuska da hannun jarumin fim har yanzu da hannu ake gyara su.

Inda ƙa'ida ke sassauci, da yadda ake gwaji

Tsananin waɗannan ƙa'idoji ya danganta da inda siffar za ta yi aiki. A fim, inda za a lallausa raga kuma kyamara za ta matso kusa, kowace alwatika tana zama cibiya mai uku bayan zagaye na farko, kowane gida mai gefe biyar kuma ya zama cibiya mai biyar, don haka ana kula da su sosai. A wasan waya, inda ba a lallausawa kuma ana ƙirga kowane gida saboda ƙarfin na'ura, alwatika halas ce, har ma takan taimaka wa gwiwa ta riƙe siffarta da layuka kaɗan. Abubuwa masu tauri kamar takobi ko turmi suna ɗaukar cibiya mai layi da yawa a shimfiɗaɗɗen gefensu ba tare da wata illa ba.

Gwaji huɗu ne ke nuna ko raga ta yi. Na farko, a kunna lallausawa zagaye biyu a duba ko wani wuri ya tsuke. Na biyu, a shafa wa siffar fata mai ƙyalli sosai a juya ta a gaban haske, domin duk inda hasken ya karye akwai cibiyar da ke bukatar matsawa. Na uku, a zaɓi zobban ido da baki da hannu ɗaya bayan ɗaya a ga ko kowanne ya dawo inda ya tashi. Na huɗu, a sa ƙwarangwal na wucin gadi a kai kowace gaɓa iyakarta: a durƙusar da siffar, a ɗaga hannuwanta sama, a buɗe bakinta, a rufe idanunta. Ana yin wannan kafin a feɗe ragar, wato a shimfiɗa ta a kwance kamar fata, don shafa launi, domin duk layin da aka canja bayan nan yana tilasta a sake feɗewa, a sake rabon ƙasusuwa, a kuma sake gina yanayin fuska da aka riga aka tanada.